Manhajata tana aiki a Windows, ta ƙi aiki a Ubuntu, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta wa wata makaranta a nan Jos manhajar duba sakamako da biyan kuɗin makaranta, da PHP da MySQL, a laftof ɗina mai Windows, ina amfani da XAMPP, kunshin da ke kafa su a wuri ɗaya. Komai lafiya lau. Da na ɗora ta a sabar Ubuntu da muka yi haya sai ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai, da na samu ta haɗu kuma sai sunayen yara suka lalace. Ga shi shugaban makarantar yana so shafin ya riƙa karanto bayanan kuɗi kai tsaye daga tsohuwar kwamfutar ofishin akanta, mai SQL Server Express a kan Windows. Linux da Windows ne ba sa jituwa, in koma in nemi saba mai Windows?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bar wa makaranta kuɗinta, kada ka je hayar saba mai Windows, don ko ka je rabin matsalar za ta bi ka can. Tambaya biyu ka haɗa, kuma ta biyun ta fi ta farkon haɗari, amma bari mu bi su yadda ka kawo su.

MySQL bai san wace irin kwamfuta ce ke yi masa magana ba, bai kuma damu ya sani ba. Yana zaune ne a bayan ƙofa mai lamba 3306 yana jiran wanda zai ƙwanƙwasa ya yi masa magana da yarensa. PostgreSQL yana 5432, SQL Server yana 1433, Oracle yana 1521, kowa da nasa yaren. Wanda ke juya maganar manhajarka zuwa yaren rumbu shi ne direba, ni dai tafinta nake ce masa in ina koya wa yara. Matuƙar akwai tafinta a gefen manhaja, akwai hanya tsakanin na'urorin biyu, ƙofa a buɗe take, mai gadi kuma ya san sunanka, to manhaja a kan Ubuntu za ta karanta rumbun da ke Windows, ta kan Mac ta karanta na Linux. Tsohon zance ne wannan. Tun 1992 Microsoft ta fito da ODBC saboda shi, Java ta biyo da JDBC a 1997, PHP ya samu PDO a 2005. Shi kansa SQL Server, ɗan gidan Microsoft, tun sigar 2017 yake gudana a kan Linux.

Abin da ya cije ka shi ne XAMPP tamkar kaka yake. Jika ya yi ɓarna, ta ce a ƙyale shi, yaro ne. Ya ba ka root, babban asusun MySQL, ba kalmar sirri, ya kunna maka direbobin MySQL tun kafin ka nema, Windows kuma ta riƙa yafe maka kurakuran rubutu ba tare da ta gaya maka ta yafe ba. Ubuntu kuwa baffa ne, ba ya yafe komai. Kurakuran suna cikin aikinka tun ranar farko, yanzu ne dai aka samu mai faɗa maka. Wani abin ma da yawancin masu XAMPP ba su sani ba: tun 2015 abin da ke cikinsa MariaDB ne, duk da maɓallin da kake dannawa an rubuta masa MySQL. Ubuntu 22.04 da 24.04 kuwa MySQL 8.0 suke ba ka in ka nemi mysql-server. Wa da ƙane ne, amma tun da suka raba gida kowa ya ɗauki halinsa. Misali MySQL tun siga ta 5.7 yake ƙin tambayar da aka yi wa GROUP BY na ganganci, ya jefo maka kuskure mai lamba 1055, alhali MariaDB zai amsa maka ita ba gardama.

Ba ka faɗi saƙon kuskuren da ka gani ba, shi ne kuma abu na farko da ake turowa. Lambar da ke cikinsa ita ke nuna a wane mataki aka tsaya. In ya ce could not find driver, tafinta ne babu, ko ƙofar ma ba a kai ba: ka saka php-mysql da apt, ka sake kunna Apache ko php-fpm. In 2002 ka gani, akwai tafinta amma bai sami ƙofa ba. In 1045 ne ko 1698, an isa ƙofa mai gadi ya hana. In 1146 ne, an shiga har ciki, teburin da ka ambata ne ba a gani ba. Kada ka taɓa kod ɗinka tukuna. Shiga sabar da SSH ka buga mysql -h 127.0.0.1 -u sunanka -p da hannunka. In wannan ya ƙi, PHP ba shi da laifi, ka huta da binciken sa.

Kan 2002 akwai tarkon da ya kama kusan duk wanda na sani a wannan sana'a, har da ni. A Windows, localhost da 127.0.0.1 abu ɗaya ne a wajen PHP, duka ta ƙofar 3306 suke bi. A Linux kuwa, da ka rubuta localhost direban MySQL ba ya bin hanyar sadarwa sam, sai ya nemi wani fayil na musamman da ake kira soket, wanda a Ubuntu yake /var/run/mysqld/mysqld.sock. In fayil ɗin ba ya inda PHP ke zato, ko MySQL bai tashi ba, ko rumbun yana cikin Docker, sai a ce maka No such file or directory, kai kuma ka shiga neman fayil ɗin da ka manta ba ka ɗora ba. Rubuta 127.0.0.1 ka gani. Masu Node.js suna da nasu: tun siga ta 17 localhost kan iya komawa ::1, adireshin IPv6, alhali rumbu yana sauraro a 127.0.0.1 kaɗai. A cikin Docker kuma localhost yana nufin kwantenar kanta, sai ka kira rumbun da sunan da ka ba shi a fayil ɗin compose.

1698 kuwa, root na MySQL a Ubuntu ba da kalmar sirri yake shiga ba. Yana duba wane ne kai a kan Linux ɗin kanta, in ba da sudo ka zo ba ya ƙi ka, shi kuma Apache da sunan www-data yake aiki. Za ka ga masu ba da shawarar a mayar da root ya koma karɓar kalmar sirri. Kada ka bi su. Ƙirƙiri mai amfani na manhajar shi kaɗai, ka ba shi SELECT da INSERT da UPDATE da DELETE a kan rumbun makarantar, ban da DROP, ban da sauran rumbuna. Ka kuma riƙe cewa a wajen MySQL suna da inda mutum ya fito tare suke zama shaida ɗaya: 'makaranta'@'localhost' daban, 'makaranta'@'%' daban, kowanne da kalmar sirrinsa. In kod ɗinka tsoho ne mai kiran mysql_connect, wannan an cire shi tun PHP 7.0 a 2015, sai ka koma PDO ko mysqli. In kuma PHP ɗin sabar ya gaza 7.4, ba zai gane sabuwar hanyar tantancewa ta MySQL 8 ba, wadda ake kira caching_sha2_password. Sabunta PHP ya fi mayar da rumbu baya, don tsohuwar hanyar an kashe ta a MySQL 8.4, an cire ta ɗungurungum a 9.0.

Wata rana a wani ofishi da ke wajen Terminus a Jos na zauna tun bayan la'asar har aka kira isha'i ina kallon 1045. Kalmar sirri daidai, in buga da hannu ta shiga, rubutun bash ya karanto ta daga fayil a ce ba ita ba ce. Sanyin Disamba ya shigo, mai shayin ƙasan bene ya aiko mini kofi na biyu, mai ofis yana ta leƙowa yana cewa "Injiniya, ko dai sabar ce ba ta da kyau?" Sai da na buga cat -A a kan fayil ɗin na ga ^M a ƙarshen kowane layi. An rubuta shi ne da Notepad. Windows tana rufe layi da alama biyu, Linux da ɗaya, ta biyun nan da ido ba ya gani ta manne a wutsiyar kalmar sirri. dos2unix ya gyara cikin daƙiƙa ɗaya abin da ya ci mini rabin yini. Tun ranar, duk fayil ɗin saiti da ya fito daga Windows sai na duba shi haka. Haka nan kalmar sirri mai # a fayil ɗin .env tana buƙatar alamar zance, mai @ kuma in a cikin adireshin haɗi za ta shiga sai an rubuta ta %40.

Sai 1146, wanda nake kyautata zaton ka ci karo da shi. Kowane tebur fayil ne a kan faifai, kuma Windows ba ta bambance babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux tana bambancewa. MySQL yana da saiti mai suna lower_case_table_names, a Windows yana zuwa da 1, a Linux 0, a Mac 2. Ma'anar 1 ita ce ko ka ƙirƙiri tebur da sunan Dalibai, shi dalibai zai ajiye, kuma duk yadda ka kira shi zai amsa. Da ka kwashe rumbun zuwa Ubuntu, teburin ya tafi da ƙaramin baƙi, kod ɗinka yana ta kiran Dalibai, baffa ya ce bai san wannan yaron ba. A da mutane kan sauya saitin su wuce, amma a MySQL 8.0 ba a yarda a sauya shi ba bayan an kafa rumbun. Ni ma ban so ka sauya. Bi kod ɗin da grep, ka mayar da sunan kowane tebur ƙananan baƙaƙe zalla. Kana cikin haka ka duba include 'Config.php' da fayil ɗinsa yake config.php, da hoton ɗalibi da aka ajiye da .JPG kod yana neman .jpg, da duk inda ka rubuta C:\xampp\htdocs. Yi amfani da / ko'ina, PHP a Windows ma yana karɓar sa.

Yanzu sunayen yara, wanda shi ne ya fi ba ni haushi a duk lamarin, don laifin ba na yaran ba ne, an gina kayan ne ba a tuna da mu ba. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin tsarin latin1, wanda shi ne saitin asali na MySQL har siga ta 5.7, kuma MariaDB ya daɗe a kansa. Alamar naira ma ba ta ciki. Lalacewar iri biyu ce, kuma ya kamata ka gane wacce ta same ka kafin ka taɓa komai. In Ɗanladi ya koma ?anladi, an riga an zubar da baƙin, ba abin da zai dawo da shi sai kwafin asali ko a sake bugawa. In kuwa ya koma ÆŠanladi, ko ƙ ta koma Æ™, ka yi hamdala, bayanin yana nan, karatunsa aka yi da gurguwar fahimta.

Ga yadda na biyun ke faruwa, don shi ne ke ɓuya a laftof ya bayyana ranar ƙaura. Burauza ta turo Ɗ a tsarin UTF-8, wato bayit biyu. Haɗinka da rumbu yana kan latin1, sai rumbu ya ɗauka baƙaƙe biyu ne, Æ da Š, ya ajiye su haka. In manhaja ta karanto, bayit biyun su dawo yadda suka tafi, burauza ta sake haɗa su ta nuna Ɗ. Kuskure biyu sun rufa wa juna asiri, kai kana ganin komai daidai. Ranar da ka fitar da rumbun da phpMyAdmin ko mysqldump, sai a juya Æ daban Š daban zuwa UTF-8, ɓarnar ta zauna daram. Gyaranta layi ɗaya ne, CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4), amma ka gwada a kan kwafi da SELECT tukuna, kuma a kan layukan da suka lalace kaɗai, don in ka bi da shi ta kan sunan da yake daidai kai za ka mayar da shi alamar tambaya da hannunka.

Daga nan sai ka tabbatar wuri huɗu sun yi magana da murya ɗaya: teburin yana utf8mb4, layin haɗin PDO yana da charset=utf8mb4, shafin ya bayyana kansa UTF-8, fayil ɗin da kake kwashe bayanai da shi ma haka. utf8mb4 na ce, don abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 guntu ne mai bayit uku. Yana ɗaukar ƙugiyoyinmu da naira, amma ranar da wata uwa ta saka emoji a akwatin saƙo zai tuɓure. Wajen fayil kuma ka kiyayi tsohon PowerShell na Windows, siga ta 5.1: in ka yi mysqldump da alamar > zai rubuta maka fayil ɗin a UTF-16, Linux ta ƙi karanta shi. Yi amfani da --result-file. Sakataren da zai ba ka jerin ɗalibai daga Excel kuma, ka tsaya a kansa ya zaɓi CSV UTF-8, in ya zaɓi CSV na gama-gari ƙugiyoyin sun mutu tun kafin su iso gare ka.

Wani abu da zai biyo baya: MySQL 8 yana ɗaukar ɗ da d baƙaƙe biyu daban, wanda a ilimin Hausa gaskiyarsa ne, amma uban da ke neman sakamakon ɗansa da ƙaramar waya Danladi zai buga, a ce masa babu. Ni nakan ajiye gurbi na biyu da sunan ba ƙugiya, a yi bincike da shi, a nuna na ainihin. Sannan ka gwada manhajarka da Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u. In ta faɗi a kansu, alama ce kana liƙa abin da mutum ya buga kai tsaye cikin tambayar SQL, kuma ƙofar da Sa'adatu ta fasa ba da niyya ba, ita ɓarawo zai bi da niyya ya kwashe rumbun ko ya sauya makin jarrabawa. Maganin shi ne prepare na PDO da alamar ? a gurbin kowane suna, ko'ina, ba togiya. A wannan fanni sunayenmu sun yi mana rana, suna tona asirin kod mai rauni tun ranar rajista.

Agogo kuma a taƙaice. Laftof ɗinka yana kan lokacin Najeriya, sabar haya galibi tana zuwa a UTC, awa ɗaya a bayanmu. Wanda ya biya kuɗi ƙarfe 12:30 na dare za a rubuta masa 11:30 na jiya, lissafin akanta na rana ya ƙi daidaita da na banki. Ajiye lokaci a UTC, ka nuna shi da Africa/Lagos. Kuɗi kuma DECIMAL, ko ka ajiye kwabo a lamba cikakkiya, kada FLOAT ya kusance shi.

In kana so wannan wahala kada ta sake maimaituwa, daina gini a wuri ɗaya kana tarewa a wani. Saka WSL2 a laftof ɗinka, Ubuntu ce ta gaske a cikin Windows, ka sa mata sigar PHP da ta MySQL irin na sabar. Duk faɗan da baffa zai yi maka ya yi maka shi a ɗakinka, ba a gaban shugaban makaranta ba.

To, kwamfutar akanta.

Ta fuskar fasaha abin yana yiwuwa, zan ma faɗa maka yadda ake yi, don wata rana za ka buƙace shi inda na'urorin biyu ke gini ɗaya. SQL Server Express yana zuwa ne da TCP/IP a kashe, sai ka kunna a Configuration Manager. Yana kuma zaɓar ƙofa da kansa maimakon 1433, sai ka kafe masa lamba ɗaya, ka buɗe ta a katangar tsaron Windows. Yawanci an kafa shi yana karɓar masu asusun Windows kaɗai, sabar Ubuntu kuma ba ta da shi, sai ka kunna tsarin da ke karɓar suna da kalmar sirri, ka ƙirƙiri mai amfani da ke cikin db_datareader kawai, mai karatu ba rubutu. A gefen Ubuntu ka saka direban ODBC na Microsoft da pdo_sqlsrv. Siga ta 18 ta direban, wadda ta fito a 2022, tana tilasta ɓoye zance tun daga farko, don haka za ta ƙi satifiket ɗin da SQL Server ya yi wa kansa. Mutane kan rubuta TrustServerCertificate=yes su wuce. A cikin gida ba laifi, a kan intanet kuwa kamar ka kulle ƙofa ne ka miƙa makulli ga duk wanda ya ce shi ne mai gida. Yaren SQL ɗin ma ya ɗan bambanta, TOP a maimakon LIMIT, sunayen Hausa kuma sai a gurbin NVARCHAR tare da N a gaban alamar zance, in ba haka ba ƙugiya ta ɓace ko ta koma alamar tambaya. Ka gode wa Allah ba Access ba ne a ofishin, don shi direbansa na Microsoft a Windows kaɗai yake.

Amma a halin da ka bayyana, shawarata kada ka haɗa su kai tsaye, ko shugaban ya matsa.

Da farko ma da wuya ka sami ƙofar. Intanet ɗin ofishin makaranta a Jos kusan kullum ta layin waya ce ko ƙaramin rauta mai sim, kuma irin waɗannan layuka kamfani yana cusa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Daga ciki ana fita, daga waje ba a shigowa, duk yadda ka saita rautar. Starlink da ya shigo Najeriya a 2023 ma haka tsarinsa na gida yake. A ce ma ka sayi adireshi na kanka ka buɗe 1433 ga duniya. Ba za a kwana ba sai ka ga na'urori daga ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba suna gwada kalmar sirrin asusun da ake kira "sa", babban asusun SQL Server, dare da rana. Ba wai sun san makarantar ba ne, duk ƙofar da ke buɗe a intanet suke bi ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 2003 tsutsar Slammer ta bi ta ƙofar 1434 ta SQL Server ta durƙusar da sassan intanet cikin mintuna, a farkon 2017 kuma aka share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa. Abin da ke cikin kwamfutar nan sunayen yara ne da lambobin iyayensu da bashin da ake bin kowa, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, da hukumar NDPC a Abuja mai bibiyar ta. In abu ya fita, makaranta za a tambaya, makaranta kuma kai za ta nuna.

Bar ma maganar ɓarayi. Kwamfutar akanta tana rufewa in ya tashi ƙarfe huɗu, tana mutuwa in an ɗauke wuta kafin a ta da janareta, ranar Juma'a da rana ba kowa, Asabar da Lahadi ofis a kulle. Iyaye kuwa da daddare suke duba shafi, bayan an dawo daga kasuwa an ci tuwo. Ka ɗaura shafin da ya kamata ya yi aiki awa 24 a wuyan na'urar da ke aiki awa takwas.

Ga kuma nisa. In sabar taka tana Landan ko Frankfurt, kowace tambaya sai ta bi igiyar ƙarƙashin teku ta sauka Legas, ta hau zuwa Jos, ta shiga ta layin waya, amsa ta koma ta hanyar da ta zo. A ce zuwa da dawowa milisakan 150 ne, wanda ga layin waya rangwame na yi maka. Shafin da ke jero ajin yara 60, yana tambayar kuɗin kowane yaro daban, tambaya 60 ke nan, daƙiƙa tara mutum na kallon farin allo. A laftof ɗinka wannan shafin ƙiftawar ido ne, shi ya sa ba ka taɓa lura da yawan tambayoyin ba. Ka kuma tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, har bankuna suka rikice. Manhaja da rumbunta wuri ɗaya ake ajiye su, ko na'ura ɗaya ko ɗaki ɗaya.

Abin da nake yi a irin wannan hali shi ne in juya alƙiblar. Saba ba ta zuwa ofis neman bayani, ofis ne ke kai mata. Ka rubuta ɗan ƙaramin rubutu da Python ko PowerShell a kwamfutar akanta, ya karanta SQL Server a nan cikin gida, ya ɗebi layukan da suka sauya tun turawar ƙarshe, ya tura su ta HTTPS zuwa wani adireshi a manhajarka tare da makullin sirri. Task Scheduler na Windows ya riƙa ta da shi duk minti 15. Manhajarka ta karɓa ta zuba a wani tebur na MySQL, shafi ya riƙa karantawa daga nan. Ba ƙofar da aka buɗe a ofis, ba direban SQL Server da za ka yi fama da shi a Ubuntu, in wuta ta ɗauke shafi yana nan da bayanin ƙarshe, in ta dawo rubutun ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka tura abin da shafin ke buƙata kaɗai, lambar ɗalibi da abin da ya biya da abin da ya rage, albashin malamai ya zauna inda yake. Kowane biya ya zo da lambar rasit ɗinsa, ka sa ta zama UNIQUE a teburinka, don layi zai yanke a tsakiyar turawa, rubutun zai sake turo abu ɗaya, kuma ba ka so a rubuta wa yaro ya biya sau biyu.

Wurin da za ka yi taka-tsantsan shi ne kuɗin da aka biya ta shafin, tunda su daga saba suke farawa. Ku zauna da akanta ku yanke wane littafi ne uwa. Ni nakan bar na akanta ya zama uwa: rubutun nan in ya je kai kaya ya karɓo jerin sababbin biya ya ajiye masa a wani tebur na gefe ko fayil, shi ya duba ya shigar. Kada ka rubuta kai tsaye cikin teburan manhajar da ba kai ka gina ba, ba ka san me ke rataye da su ba.

In shugaban ya kafe sai kai tsaye, to WireGuard, wanda ke cikin Linux tun siga ta 5.6 a 2020 kuma yana da manhajar Windows. Kwamfutar ofis ce za ta kira sabar, a sami bututu a tsakaninsu, 1433 ta buɗe a cikin bututun kaɗai. Wannan ya magance adireshi da ɓarayi, bai magance wuta da nisa ba, don haka ka sa wa haɗin wa'adin daƙiƙa uku zuwa biyar, in bai amsa ba shafi ya nuna bayanin da ya ajiye. Irin wannan dabara za ka yi wa kanka in kana son duba MySQL na sabar daga laftof: ssh -L 3307:127.0.0.1:3306, sai ka haɗa da 3307 a gida, bind-address ya zauna a 127.0.0.1 yadda Ubuntu ta kawo shi.

Shi shugaban, ba SQL Server ne ya dame shi ba, so yake uban da ya biya da safe kada a kore masa yaro da rana. Ka gaya masa minti 15 ne tsakani, ka kuma rubuta a ƙasan shafin "an sabunta ƙarfe kaza", yawanci a nan gardamar ke mutuwa. Ranar da za ka je ofishin, kafin ka kunna ko kashe komai, ka tambayi akanta ina kwafin ajiyarsa. Express ba shi da SQL Server Agent mai yin wannan da kansa, don haka in ba wanda ya taɓa saita masa sqlcmd a Task Scheduler, akwai yiwuwar lissafin shekara da shekaru yana kan faifai ɗaya tak. Ɗauki BACKUP DATABASE zuwa filas, ka mayar da shi a laftof ɗinka ka ga ya buɗe, sannan ka rubuta ɗan rubutun naka a kan wannan kwafin.